Motar 'Yan Tsaki

"Sauko! Sauko ko in fasa maka kai!"

Da rana tsaka, a hanyar da ta ratsa gonakin masara, ɗan fashi Barkono ya kafa wa direban babbar mota bindiga a kunne. Direba ya diro ya kwanta rub da ciki. Kwalba ya kama sitiyari, shugabansu Oga Gemu ya faɗa kujerar gefe, suka yi gaba!

Kwalba ne ya kawo aikin. Ya rantse motar ma'aikatar gona ce, cike da injinan ban ruwa da za a raba wa manoma.

A wani tsohon sito suka buɗe bayan motar. Kwalaye ne masu huji-huji har sama. Sai kuka ya kaure — tsiyau! tsiyau! tsiyau!

'Yan tsaki ne, dubbai.

Oga Gemu ya zauna a kan taya ya dafe kai. "Ni da ake rufe kasuwa in an ji sunana. Yau ga ni na zama uwar kaji."

"Oga, wallahi injina aka ce mini," in ji Kwalba, yana satar kallon bindigar Oga. Ya san abin da ake yi wa mai kawo aikin banza. "Bari in nemo mai saye."

Ya fice.

Can a ofishin 'yan sanda, direba yana haki. "Yallaɓai, jiya aka ƙyanƙyashe su. Ba ruwa ba iska, ba za su kai yamma ba. Mata na can suna jira a raba musu."

Wayar Sufeto ta yi ƙara. Muryar Kwalba ce: "In na faɗi inda suke, za a cire sunana?"

A sito kuwa kwano ya ɗauki zafi. 'Yan tsaki suka fara kifewa. Barkono, wanda a kiwon kajin uwarsa ya tashi, ya kasa jurewa. Ya jingine bindiga, ya shiga ɓalle kwalaye yana zuba ruwa a murfin robobi.

"Oga, yi musu fifita!"

"Kai, ni?"

Amma ya ɗauki kwali. "Don Allah in na mutu kar a faɗi wannan."

"Iska suke so," in ji Barkono. Ya ja ƙofar sito — 'yan sanda ne jere!

Ya kai hannu ga bindiga. Tau! Tau!

Aka sa wa Oga Gemu ankwa, ɗan tsako na tsaye a kan takalminsa. Ya dubi gawar Barkono, ya ce wa Sufeto, "Yallaɓai, ka rubuta banki muka je. Ko don uwar yaron nan."

Sufeto bai rubuta ba. Kwalba ma bai tsira ba, ɗaki ɗaya aka kulle shi da Oga.

Fiye da rabin tsakin sun mutu. Matan da suka gina akurki suka sayi dusa, suka wuni a harabar ma'aikata, da yamma yawancinsu suka koma gida da kwandunansu wayam.