Sarƙar da Ta Tsinke a Kan Dutse

Hantsi ya ɗaga lokacin da aka bugo waya ofis cewa ga gawa a gindin dutsen da ke bayan gari. Sufeto Zinatu ta ture kofin shayinta gefe, ta ce wa Kofur Adnan ya tayar da mota.

Dutsen dogo ne, a ƙolinsa akwai ƙarfen sadarwa na wani kamfanin waya. Hanyar hawansa wani siririn layi ne da ruwan sama ya zaizaye, duk tsakuwa da ramuka. A ƙasan wurin da ya fi tsananin tudu suka tarar da jama'a sun yi cirko-cirko. Babur mai ƙafa huɗu na kwance, tayoyinsa a sama. Jarkokin man gas sun fashe, wari ya cika wurin. Wata mai itace ta lulluɓe mamacin da mayafinta.

"Wa ya ga abin da ya faru?" in ji Sufeto.

Wani manomi ya matso, fartanya a kafaɗa. "Ni ne, ranki ya daɗe. Injiniya Sharfaddeen ne, ɗan Tudun Wada. Shi ke kai wa injin can sama mai. Abin hawan nan nasa tafiyar tsohon jaki gare shi, a hankali, amma ba ya tsayawa. Yau ina kallonsa ya kai wuyan dutsen, sai na ji ƙas! Injin ya kwarma ihu, babur ya dawo da baya. Ya taka birki, tsakuwa ta ja shi, nauyin jarkoki ya kifar da shi."

Ta zagaya babur ɗin. Babu sarƙa a jikinsa. Ta shafa tayoyin baya, ta ga haƙoransu sun goge ta gefe, sun yi sulɓi, irin gugar da kwalta ke yi ba dutse ba. Ta miƙa wa Adnan hularta, ta kama hawa, wani wurin har da hannu.

A can sama ta tsinci sarƙar a miƙe cikin tsakuwa. Ta bi ta gaɓa-gaɓa da yatsa. Kowace gaɓa da ɗan ƙarfenta baƙi, mai santsi, aikin kamfani. A inda ta tsinke kuwa, abin da ke cikin ramin fari ne, an daddake kansa da guduma har ya baje. Ƙusa ce. Ƙusar kafinta.

Ko da suka dawo ofis, ƙofa a cike take. 'Yan sintiri sun kawo Labaran, bakaniken da ke gyara wa mamacin babur, rigarsa a yage, don samarin unguwa sun tasam ma shagonsa da fetur. Alhaji Kailani, mahaifin Sharfaddeen, yana tsaye a gaban kantar ofis, idanunsa jajur.

"Ke ce mai binciken? Babu wani bincike, 'yata. Ga wanda ya kashe mini ɗa nan. Ya canza wa babur kaya, babur ya kashe shi. Ina so a kai shi gaban alƙali kafin sadakar uku."

"Allah ya jiƙansa, Alhaji. Za a kai wanda ya yi."

Ta sa aka shigo da Labaran ɗakin tambayoyi. Ya zauna, tebur a tsakaninsu.

"Me ka canza a babur ɗin?"

"Faranti kawai, Hajiya, tun watan jiya. Farantin baya mai haƙora, wanda sarƙa ke ja. Na asali ƙarami ne, na gudu a kan titi. Injiniya ya ce yana kashe masa wuta a tudu, sai ya yi ta wasa da kuloci. Shi ya zo da babba da kansa, ya ce in sa. Babban faranti gudu yake ragewa ya ƙara ƙarfi. Ko gangarowa za ka yi, injin ne ke riƙe ka. Amma sarƙa, wallahi ban taɓa ta ba."

"Ka sa faranti babba, sarƙar da aka auna wa ƙarami ta zagaye shi? Miƙewa ta yi don tana jin kunyarka?"

Labaran ya sunkuyar da kai. "Tsoro ne, Hajiya. Na ji ana cewa sarƙa ce ta tsinke. Na canza ta. Sabuwa fil na sa, mai tsawo, daga kwalinta."

Ta zazzage sarƙar daga leda a gabansa, ta nuna masa gaɓar da ƙusa ke ciki. Ya duba, ya sake dubawa.

"Ƙusa? Ni? Hajiya, ko keken ɗana ba zan yi wa haka ba. An yanke sarƙar nan an sake haɗawa."

"Me zai sa mutum ya yanke ta?"

"Sai in ya mayar da ƙaramin faranti. Sarƙar za ta yi masa yawa, dole ya rage."

"Ina ƙaramin yake?"

"Na ba Injiniya abinsa. Ya ce zai rataye a gareji."

Mutumin da ya yi mata ƙarya sau ɗaya zai iya yi mata ta biyu, ta san wannan. Amma faranti ba ya ƙarya, kuma ba a shagon Labaran yake ba.

Gidan Alhaji Kailani babban gida ne a Tudun Wada, Sharfaddeen da matarsa suna da sashensu a ciki. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza na ta karɓar gaisuwa. Sufeto ta sa hijabi a kan kakinta, ta bi ta gefe ta shiga wurin mata. Ta sami matar mamacin, Bilkisu, a ƙuryar ɗaki, carbi a hannu. Ta zauna kusa da ita a ƙasa, ta yi mata ta'aziyya, ta jira har kukan ya lafa.

"Akwai mai hawa babur ɗin ban da shi?"

"Babu. Ko taɓawa ba ya bari a yi."

"Ya kwana biyu bai hau ba, ko kullum yana fita da shi?"

"Sai ranar hawa dutse. Ƙarshen makon nan ma ba ma gari, mun je suna Kaduna. Makullan gareji a ɗakin Hajiya, mahaifiyarsa, muka bari." Ta juya carbin a hannunta. "Da muka dawo ya shigo yana dariya. Ya ce shi dai ya san rabin tanki ya bari, ga shi ya tarar da shi cike. Ya ce in aljanu ne, Allah ya ƙaro irinsu."

Ta rufe fuska da mayafi. Sufeto ta riƙe hannunta na ɗan lokaci, sannan ta nemi makullan.

Garejin a share yake tsaf, kowane sifana a wurinsa. Ƙaramin farantin na rataye a bango. Ta sauke shi. Abin da aka cire tun watan jiya ya kamata a ce ya bushe, ya yi ƙura. Wannan kuwa gires ɗinsa ɗanye ne, ya ɓata mata yatsu. Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin benci da fitilar waya. Can jikin bango ga guntun ƙusa, an yanke shi da zarto, bakin yankan na ƙyalli.

"A nan aka yi aikin," ta ce wa Adnan. "Ba a shagon Labaran ba. Wani ya so gudu a kan kwalta. Ka cire kakin nan, ka je majalisar 'yan acaɓa ta Kwangila. Ka tambaya wane biki aka yi wasan babura a ƙarshen mako."

"Ranki ya daɗe, in suka gane ni fa?"

"Ka sayi rake ka zauna. Bakinka ya cika, kunnenka ya buɗe."

Bayan la'asar ya dawo, yana murmushi, ɓawon rake a gaban rigarsa. Bai ko yi tambaya ba, ya ce, su suka yi ta nuna masa. Rakiyar wani ango aka yi daga Kwangila zuwa Hanwa, kuma duk wanda ke wurin ya ɗauka a waya. Ta kalli bidiyon sau biyu, ta kashe. Ta tuna idanun Alhaji a kanta. Sannan ta miƙe ta ɗauki hularta.

Ta roƙi Alhaji ya ba ta falonsa na ciki, ya kuma kira mata duk wanda ke iya shiga ɗakin Hajiya ya ɗauki makulli. Mutum ɗaya ne: Khalifa, ƙanen mamacin, autan gidan, ɗalibi a shekarar ƙarshe. Ya shigo cikin farar shadda, ya durƙusa gefen kujerar mahaifinsa.

"Khalifa, ka taɓa hawa babur ɗin yayanka?"

"Ban taɓa ba. Yaya ba ya bari."

"Ranar Asabar kana ina?"

"Makaranta. Muna karatun jarrabawa."

"Ba ka je bikin Hanwa ba?"

"Ban ma san an yi ba."

Alhaji ya gyara zama. "Sufeto, yaron nan ɗan'uwansa ya binne ɗazu. Me kike nema?"

Ta ajiye wayar a kan tebur, ta kashe sauti, ta kunna. Ga titi cike da babura. Ga mai ƙafa huɗu ya fito daga tsakiyarsu a guje, ya wuce kowa, ya murɗa kai ya juya a wuri ɗaya, tayoyin baya na hayaƙi. Mahayin ya rufe kansa da hular kwano.

"Hular Yaya ce," Khalifa ya ce da sauri. "Shi ne."

"Yayanka yana Kaduna ranar. Kuma da farantin da ya sa, babur ɗin nan ko mai keke ba zai tsere wa ba. Wani ya cire ya sa ƙarami."

"To Labaran ne. Shi ya iya."

Ta mayar da bidiyon farko, ta buɗe sauti. Ƙarar injina ta cika falon, da guɗa, da fito. Sannan muryoyin samari, a tare, suna maimaitawa: "Khalifa! Sai kai, autan Alhaji! Khalifa!"

Alhaji bai juya ya dubi ɗansa ba. Bango ya ƙura wa ido.

Sufeto ta ajiye guntun ƙusar kusa da wayar. "Faɗa mini yadda aka yi."

Khalifa ya daɗe yana kallon ƙusar. Da ya buɗe baki, muryarsa ta koma ta yaro.

"Abokaina ne suka ce in zo da shi. Na gwada a layi, ba ya gudu, suka yi ta dariya. Sai na tuna da ƙaramin farantin. Na sa, sarƙa ta yi sako-sako, na bugi ƙarfen gaɓa da guduma na rage. Da na dawo na mayar da babban, zan haɗa sarƙar, ɗan ƙarfen ya yi tsalle. Na neme shi, na neme shi, ban gani ba. Ga su Yaya suna hanya." Ya nuna guntun ƙusar. "Na gwada ƙusar, ta shiga daidai. Na zagaya layi da shi, lafiya lau. Na ce gobe zan sayo na gaske in canza. Goben na ce jibi."

"Ka san inda yake hawa da shi?"

"Na sani."

"Da safen nan ka gan shi zai fita?"

"Ni na buɗe masa ƙofa." Kuka ya ƙwace masa. "Na buɗe baki in faɗa, sai ya ce in gaishe da Hajiya. Baba, tsoron faɗansa na ji. Faɗa kawai."

"Da samari suka tafi shagon Labaran da fetur fa?" in ji Sufeto. "Nan ma tsoron faɗa ne?"

Khalifa ya kifa fuska a kan gwiwoyinsa.

Daga waje ana jin muryar liman yana jan addu'a. Alhaji ya cire tabaransa ya riƙe a hannu.

"Sufeto," ya ce a hankali, "ni ne uban mamacin. Jinin nawa ne. Na yafe. A bar maganar nan a ɗakin nan."

Dattijo ne, sa'an mahaifinta, ya rasa ɗa ɗaya da safe, ga shi tana shirin ɗauke masa na biyu da yamma. Ta sauke murya, amma ba ta sauke ido ba.

"Alhaji, yafiyarka alƙali zai saurare ta, kuma tana da nauyi. Amma in maganar ta tsaya a ɗakin nan, unguwa za ta kwana da sunan Labaran a baki. Ko na sake shi, ba zai ƙara buɗe shago a Tudun Wada ba. Kuma akwai mace a ciki tana takaba. Ita ba a tambaye ta ba."

Alhaji ya rufe ido. Ya daɗe a haka, leɓɓansa na motsi. Sannan ya dafa hannun kujera ya miƙe.

"Tashi," ya ce wa Khalifa.

Adnan ya ciro ankwa, Sufeto ta girgiza masa kai. Ta nuna ƙofar baya, inda mota za ta iya tsayawa ba tare da kowa ya gani ba.

"A'a," in ji Alhaji. "Ta gaba. A gaban mutanen nan na kira sunan Labaran, bawan Allah, a gabansu zan janye."

Ya kama hannun ɗansa da kansa, ya fita da shi ta zaure. Masu zaman makoki suka ɗago kai, carbi ya tsaya a hannuwa. Alhaji ya tsaya a tsakiyar tabarmi ya faɗi abin da ya faru, a taƙaice, muryarsa ba ta karye ba sai a kan sunan Sharfaddeen. Sannan ya raka Khalifa har bakin mota, ya sa shi a ciki, ya rufe ƙofar.

Sufeto ta zauna a gaba. Kafin Adnan ya tayar, ta buga wa mai tsaron kantar ofis waya.

"Ka fito da Labaran, ka ba shi ruwa ya wanke fuska. Kada ya tafi shi kaɗai. Ni zan kai shi shagonsa, a motar nan, kowa ya gani."