Wa Ya Tuƙa Motar Kinoti?

Ranar Alhamis da hantsi Kinoti Mbaabu ya shiga a-kori-kurar da yake tuƙawa a tashar lodin mira, ganyen taunawa, ta garin Maua, ya sauke marfin kare rana da ke saman gilashi, inda ya saba maƙale lasisinsa. Babu lasisi. Wata takarda ce a ninke ta faɗo masa a cinya.

Sammaci ne, da sunansa da lambar motar. Laifi: tuƙin ganganci a kwanar gadar Nithi ranar Talata. An riƙe lasisi. Ya bayyana gaban kotu a Chuka ranar Litinin.

Sau biyu Kinoti ya taɓa tsayawa gaban alƙali kan gudu, kuma a na biyun an gaya masa ɓaro-ɓaro cewa idan ya dawo, shi da sitiyari sai kallo. Da tuƙin nan yake riƙe gida. Ya fito daga motar bai ko rufe ƙofa ba, ya nufi caji ofis.

Sajan Kathure ce ya tarar a kan tebur. Duk Maua an san ba ta ƙaunar direbobin mira. Ta sha kwasar gawa a hanyar Nairobi saboda ganyen da ake tsere da shi kada ya yi yaushi kafin ya isa hannun masu tauna.

"Afande, an yi mini sharri," in ji Kinoti, yana kiranta yadda ake kiran 'yan sanda a can, ya dangwara takardar. "Ban tuƙa mota ranar Talata ba."

"Kowa haka yake cewa. Motocinku da kansu suke tashi."

"Haƙori ne ya kwantar da ni. Dubi kumatuna. Sai jiya aka cire shi."

"Wa ya gan ka a kwance?"

"Matata ta tafi gona, yara suna makaranta."

"Wato babu kowa." Ta tura masa takardar. "Karanta mini sunan wanda ya rubuta ta."

Ya sunkuya, ya karanta nan take. "Kurtu Wafula."

Ta kira Wafula a waya a gabansa, ta buɗe murya yadda zai ji. Wafula ya tuna motar sarai. Direban wata babbar mota ne ya kawo ƙara cewa wata a-kori-kura ta sha gabansa a tsakiyar kwana, sai suka tare ta a shingen da ke gaba. Direban shi kaɗai ne a ciki. Ya ja hula har gira, ya naɗe haɓarsa da bakinsa da mayafin sanyi.

"Me ya ce maka?"

"Ko kalma, Afande. Kumatunsa kawai yake nunawa, wai haƙori."

Kathure ta ɗago ta dubi Kinoti. Fuskarsa ta yi fari fat kamar an yayyafa masa toka.

"Akwai ƙari," in ji Wafula. "Bayan mun sake shi aka tsinci wani ɗan acaɓa a cikin kwari ƙasan kwanar. Njeru sunansa. Ƙafarsa ta karye gida biyu. Kwalin 'yan tsaki ya ɗauko, duk sun mutu. Ya ce farar a-kori-kura ce ta matse shi."

Kathure ta kashe buɗaɗɗiyar muryar, ta kai wayar kunne, ta fita baranda. "Wani abu kuma? Ko ƙanƙani ne."

Wafula ya ce, "Da na ba shi takardar ya sa hannu, sai da ya miƙe hannunsa gaba ɗaya, ya nisanta ta da fuskarsa, yana ƙanƙance ido. Har na ce ko in karanta masa ne."

"Zancen 'yan tsakin nan, wa ya sani?"

"Ni da asibiti. Ban ma rubuta ba tukuna."

"Bar shi haka."

Da ta dawo, Kinoti yana tsaye yana huci. Ta gargaɗe shi kada ya maimaita wa kowa abin da ya ji, sannan ta tambaye shi wa ya san ba zai yi tuƙi ranar ba. Ya ce da sassafe ya lallaɓa tasha ya rataye makulli a ƙusar da aka saba, ya faɗa a rumfar mai shayi cewa ba zai yi tuƙi ba. Mutum uku ne a zaune: Bundi, ɗan lodin da ke raka shi Nairobi kullum, Thuranira, direban wata tasha da ke tsallaken titi, wanda suka taɓa ba hammata iska da shi, sai dattijo Mzee Kaberia, mijin mai motocin, wanda ya ce zai gaya wa matarsa.

"Thuranira ne," in ji Kinoti. "Ya rantse sai ya ga bayana."

"Ba kai za ka gaya mini wane ne ba. Zauna nan. Ka taka ƙofar nan in sa a rufe ka."

Ta sami Thuranira a ƙarƙashin motarsa yana ɗaure wani ƙarfe. Ƙato ne, kuma bai ga dalilin fitowa don 'yar sanda ba sai da ta taka masa ƙafa.

"Ina kake ranar Talata?"

"A duniyar wata. Ina kike so in kasance? Ina hanya da kayan ubangidana. Tambayi duk shingen da ke tsakanin nan da Nairobi."

"An ce kana neman Kinoti da sharri."

"Ni? Ai shi ya nemi kashe ni! Kafin gadar Nithi ya biyo ni yana danna mini hon kamar an yi masa wahayi, ya wuce ni a inda ko akuya ba ta wuce 'yar'uwarta. Can gaba na gan shi a hannun mutanenku, na ce madalla."

"Fuskarsa ka gani?"

"Hula da mayafi na gani." Ya tofar da ganyen da ke bakinsa. "Amma na yi mamaki. Kinoti a miƙaƙƙiyar hanya yake da baki. In ya ga kwana, taka birki yake kamar tsohuwa. Ban san ya yi sabuwar zuciya ba."

Mutum biyu a tashar suka tabbatar Thuranira ya fita da tasa motar a ranar. Ba zai tuƙa biyu ba. Kathure ta tsallaka titi.

Bundi yana ɗaure buhunan ganye a bayan wata mota. Mutum ne mai furfura a gemu, bai iya tuƙi ba, kowa ya san haka. Da ya ga kaki sai ya ƙara duƙufa a kan igiya.

"Kai ne abokin tafiyar Kinoti. Me ya sa motar ta tafi babu kai?"

"An canza ni."

"Wa ya canza ka?"

"Afande, ni ɗan lodi ne. Inda aka ce in hau, nan nake hawa."

"Ban tambaye ka aikinka ba. Akwai mutum a asibiti da karyayyar ƙafa. In ka fi son ka amsa a bayan kanta, mu je."

Bundi ya dubi ƙofar ofishin tashar, ya rage murya. "Mzee ne ya ce in bi motar farko, ɗan lodinta bai zo ba. Ya ce za a nemo wa motar Kinoti direba. Muka tafi muka bar ta a tsaye."

"Ɗan lodin da gaske bai zo ba?"

Bundi ya ja igiya. "Ya zo. Mu uku muka matsu a gaba har Nairobi."

Ofishin ɗaki ɗaya ne mai warin ganye da man dizal. Mama Karambu, mai motoci uku, tana zaune a bayan tebur da wayoyi biyu a gabanta. Mijinta yana kan benci a gefe, siririn dattijo cikin tsohuwar rigar fata. A zamaninsa babu direban da ya kai shi suna a hanyar Nairobi, har ranar da ya kifar da mota a Embu kotu ta karɓe lasisinsa. Tun daga nan aikinsa a tashar bai wuce aike ba.

"In kan Kinoti ne, na gama da shi," in ji Mama Karambu kafin a tambaye ta. "Ya jawo wa motata sammaci. Ku kai shi duk inda za ku kai shi."

"Wa ya tuƙa motar ranar Talata?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Ina Meru wajen sayen taya. Na dawo na tarar kaya sun isa, mota ta dawo."

"Ba a gaya miki ba shi da lafiya ba?"

"Wa zai gaya mini?"

Kathure ta juya. "Mzee, an ce kai ka karɓi saƙon."

"Yarinya, ni ban karɓi komai ba," in ji dattijon, bai ko dube ta ba. "Ya yi ƙorafin haƙori, ya tafi, ya dawo ya ɗauki makulli. Ni kuma na wuce gonata a Laare."

"Da idonka ka ga ya dawo?"

"Da idona."

"To me ya sa ka ce wa Bundi za a nemo direba?"

"Bundi mashayi ne."

Kathure ta zaro littafinta, ta rubuta abin da ya faɗa a layi kaɗan, ta miƙa masa da biro. "Karanta, in daidai ne ka sa hannu."

Mzee Kaberia ya karɓa. Ya miƙe hannunsa har ƙarshe, ya janye kansa baya, ya ƙanƙance ido.

"Kullum ina ce masa ya sa tabarau," in ji matarsa. "Wai shi bai tsufa ba."

"Wannan shaidar taka za ta raba Kinoti da lasisinsa," in ji Kathure a hankali. "Wataƙila har gidan yari. An ji wa wani mai babur rauni."

"Ke ma kin san masu babur," in ji Mzee, yana sa hannu. "Ba a tare hanya saboda su. Mutum ya ɗora kwalin 'yan tsaki ya hau tsakiyar titi yana rarrafe, wa zai jira shi?"

Kathure ta karɓi littafin, ta rufe, ta sa a aljihu.

"Wa ya gaya maka 'yan tsaki ne?"

Ɗaya daga cikin wayoyin ta fara ruri, babu wanda ya ɗauka.

"A gari na ji."

"Garin bai sani ba. Ba ya cikin sammaci, ba ya cikin rahoto. Wanda ya ga kwalin nan shi ne wanda ya matse babur ɗin." Ta tsaya tsakaninsa da ƙofa. "Mutum uku suka ji Kinoti ba zai tuƙa ba. Thuranira yana cikin tasa motar. Bundi bai iya tuƙi ba, kuma kai ka kawar da shi don kada ya gan ka. Ka san inda Kinoti ke ajiye lasisi. Da aka tare ka, ka rufe baki ka ari ciwon haƙorinsa, don muryarka ta tsoho ce kuma fuskarka ba ta hoton ba ce. Abu ɗaya ka kasa ara: idonsa. Kinoti yana karatu da takarda a gaban hancinsa. Direban da Wafula ya tare sai da ya nisanta ta, kamar yadda ka yi yanzu. Wafula yana hanya, zai dube ka."

Mama Karambu ta miƙe a hankali. "Kaberia. Motata ka ɗauka?"

"Motarki?" Muryar dattijon ta tashi. "Wa ya saya miki ta farko? Da wane gudu aka gina wannan tashar? Shekara da shekaru kina aikena sayen katin waya a gaban yaran da na koya wa riƙe sitiyari! Thuranira ya zauna a rumfar shayi yana ce mini tsohon injin da aka cire wa batir." Ya bugi ƙirji. "Je ki tambaye shi wa ya wuce shi a kwana. Tambaye shi! Kuma duk da tsayar da ni da aka yi, kayan sun isa da ɗanyen ganyensu."

"Ƙafar Njeru fa?" in ji Kathure.

Ta sa masa ankwa. Hannayensa ba su da nauyi ko kaɗan.

Ranar Litinin a Chuka aka soke tuhumar da ke kan Kinoti, aka karanta wa Mzee Kaberia guda huɗu: tuƙin ganganci, tuƙi bayan an hana shi, sojan gona, da gudu bayan ji wa mutum rauni. An shigo da Njeru a keken asibiti, ya dubi dattijon sau ɗaya, ya kau da kai.

A bakin kotu Kathure ta miƙa wa Kinoti lasisinsa. Ya karɓa da hannu biyu.

"Na gode, Afande."

"Kada ka gode mini. Laifuka biyun farko naka ne, suna nan. Na kama ka a na uku, da kaina zan kawo ka."

Mama Karambu ta fito daga cikin kotun da waya a kunne, idonta jajir. Ta hango shi, ta ɗaga murya.

"Kinoti! Me kake tsaye yi? Kaya suna can suna yaushi tun safe. Ga makulli."

Ta wurgo masa. Makullin ya faɗi a gaban takalminsa. Kinoti ya dube shi, ya dubi matar da ta ce a kai shi duk inda za a kai shi. Ya tura lasisin can cikin aljihun rigarsa, ya maɓalle.

"Mama, nemi wani," ya ce. "Amma ki duba fuskarsa kafin ki ba shi."

Ya tsallake makullin ya nufi tashar motocin haya. Tana ta ƙwala masa kira har ya sha kwana.