Zane Shida Da Sunan Yaya

Auta na durƙushe a falo gaban ƙaramin tebur, tana ƙarasa zane na shida, sai Umma ta fito daga kicin tana goge hannu da gefen zaninta. Ta tsaya a kanta ta leƙa.

"Kin gama?"

"Saura inuwar bishiyar nan, Umma."

"To yi maza. Ki bar ƙasan takardar fili, Yayanki ne zai sa hannu."

Auta ba ta ɗago ba. Ta san da haka tun ranar da ta fara, amma duk sanda aka faɗa sai abin ya sosa mata rai.

Yaya ne mai zane a gidan nan, ba ita ba. Shi ya fara damƙa mata fensir tana 'yar shekara biyar, shi ya riƙe gidan tun rasuwar mahaifinsu da aikin da yake yi a kamfanin ɗab'i. Wata takwas ke nan da injin yankan takarda ya datse masa yatsu uku na hannun dama. Kafin tsautsayin ya cike fom ɗin baje kolin sababbin masu zanen littattafai. Yana jinya takarda ta iso: an zaɓe shi cikin mutum goma sha biyu, ya kawo sababbin zane guda shida. Ya karanta, ya ninke, ya shige ɗaki. Kwana uku ko ruwan kirki bai sha ba.

A rana ta huɗu Umma ta ja Auta gefe, idonta jawur.

"Yaron nan mutuwa zai yi mini a tsaye. Hannunki da nasa kusan ɗaya ne. Ki zana masa, Auta. Ya samu ya tsaya cikin mutane ko sau ɗaya ne."

Ta zana. Yaya bai ce a yi ba, bai kuma ce a bari ba. Yau ma da aka kira shi, zama ya yi ya kama biro da hannun hagu, ya yi ta fama har ya rubuta sunansa a karkace ƙarƙashin kowane zane. Bai dubi ƙanwarsa ba ya tashi.

Washegari Auta ta ɗauki zanen ta kai shagon Dogo. Shi aka ba aikin yi wa duk zanen baje kolin firam na katako da gilashi, kuma shi ne wanda za ta aura. Shekara biyu yana zarya gidansu, manya sun tsayar da magana, wata huɗu ya rage biki. Shagon ƙarami ne, gilasai jingine da bango, ko'ina ƙamshin katako da gam. Ya jera takardun a kan benci, ya daɗe yana kallo, murmushinsa na raguwa.

"Auta, wannan hannunki ne."

"Na Yaya ne. Ba ka ga sa hannunsa ba?"

"Haba! Duk garin nan ke kaɗai ke zana kunnen mutum kamar mariƙin kofi. Ni za ki ɓoye wa?"

Ta so ta yi dariya, sai kuka ya ƙwace mata. Ta zauna a kan wani akwati ta gaya masa komai. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Wallahi ina tausayin Yaya. Amma akwai mutum fiye da ɗari da suka nemi gurbin nan aka hana su. Kuma in aka gano fa? Shi za a fi ji wa ciwo."

"Ba za a gano ba in ka yi shiru. Don Allah, Dogo!"

"Ba zan kai maganar wajen kowa ba, na yi miki alkawari. Amma in aka dube ni aka tambaye ni, ba zan yi ƙarya ba. Ki sani tun yanzu."

Da Umma ta ji haka, aikawa ta yi ya zo. Ya durƙusa bakin ƙofar falo ya gaishe ta, ta amsa a daƙile.

"Kai ɗa ne a gidan nan ko baƙo?"

"Ɗanku ne, Umma."

"To ɗa rufin asirin gidansu yake yi. In ka tona wa yarona asiri, ka tabbata babu kai babu Auta. Ka ji ni da kyau?"

"Na ji, Umma. Allah ya sa kada a tambaye ni."

Ranar buɗe baje kolin zauren ya cika maƙil. Fararen bango, fitilu na haska kowane zane, kowa da katin sunansa a gefe. Wata 'yar siririya ta kawo zanen fentin ruwa, tsuntsaye da koguna masu laushin kala kamar za su narke. Kusa da ita wani gwanin gawayi ya cika bangonsa da fuskokin tsofaffi, har jijiyar goshi ana gani. Akwai wanda a kwamfuta yake nasa, motoci masu fukafukai da dogayen gine-gine, ga wata da ba ta taɓa fenti sam, tsofaffin jaridu take yayyankawa ta manna su zama mutane. Can kusurwa mai zanen barkwanci ya tara matasa sai ƙyaƙyata dariya suke yi.

Amma gaban bangon Yaya aka fi cunkoso. Zane shida ne na tawada, labarin wata yarinya da akuyarta ta ɓace a kasuwa. Yaya na tsaye cikin sabuwar riga, hannun dama cikin aljihu, ana ta ɗaukarsa hoto da waya. Umma na gefe tana share hawayen daɗi. Auta ta raɓe bayan wani ginshiƙi tana jin ana yabon aikinta da sunan wani.

Sai ga wata mata mai kamfanin buga littattafan yara ta matso da ƙaramin littafi da biro.

"Malam, wannan akuya ta burge ni! Ɗan zana min ita a nan, in tafi da ita in nuna a ofis."

Yaya bai karɓa ba. Matar ta ƙara miƙo biron. A hankali ya zaro hannun daga aljihu. Da ganin guntulallun yatsun wata ta ce, "Wayyo Allah!"

Shugabar zauren, wata dattijuwa mai farin gilashi, ta keto cikin mutane.

"Subhanallahi. Yaushe wannan ya same ka?"

"Kwanan nan ne," in ji Umma da sauri. "Bayan ya gama zanen."

"Ni kuwa na ji an ce an daɗe," mai gawayi ya faɗa ƙasa-ƙasa, amma an ji shi.

Shugabar ta waiwaya, idonta ya sauka kan Dogo da ke gyara wani firam da ya karkace.

"Kai ka san gidansu, kai aka kawo wa zanen. Tsakaninka da Allah, shi ya yi su?"

Dogo ya saki firam ɗin. Ya dubi Umma, ya dubi Yaya, sannan ya sunkuyar da kai.

"Ba shi ba ne, ranki ya daɗe. Ƙanwarsa ce."

Aka juyo gaba ɗaya ana neman ƙanwar. Shugabar ta yafito Auta.

"Yarinya, ke kika zana?"

Ta fito daga bayan ginshiƙin. Ta ga Yaya, leɓensa ya bushe, gumi na tsattsafo masa a goshi. Ta ga Umma ta kafe ta da ido. Dogo kuwa bai ko ɗago ba.

"A'a," ta ce. "Ni ban iya zane ba. Yaya ne ya yi abinsa."

Zauren ya kaure, aka yi ca a kan Dogo. "Kai, amma wannan mugu ne!" "Mutum na cikin wannan hali za ka yi masa sharri?" "Hassada ce kawai!" Mai zanen barkwanci har ya cakumi wuyan rigarsa sai da aka raba. Dogo bai kare kansa da ko kalma ɗaya ba. Ya ajiye gudumarsa a kan tebur, ya dubi Auta sau ɗaya, ya fita.

A gida Umma ta ce, "Kin ga irin mijin da kika so ki kawo mana? To an fasa! Ko hanya kuka haɗu kada ki gaishe shi."

Auta ta shige ɗaki ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ta kira wayarsa a ɓoye, ya ɗauka.

"Ka yafe min, Dogo. Sori, wallahi ban san yadda aka yi ba..."

"Na san yadda aka yi. Yayanki kika gani. Ban riƙe ki ba, Auta."

"To ka fito ka faɗa musu! Tsofaffin zanena suna wurinka, ka nuna musu!"

"An tambaye ni na amsa, nawa ya ƙare. Sauran naki ne. Ba zan tsaya gaban jama'a in ce ke maƙaryaciya ce ba."

Da zaginta ya yi, da ya fi mata sauƙi.

Maganar ta bazu a wayoyi. Masu zane suka daina kai wa Dogo aiki, zauren ya soke nasa. Wata rana Auta ta bi ta layin, ta tarar da shagon a kulle, wani ya rubuta "munafuki" da gawayi a jikin ƙofar. Maƙwabcinsa tela ya ce mata ya koma dakon katako a wani kamfanin kujeru can bayan gari, mahaifiyarsa kuma ta daina fita saboda habaicin mata.

Ita ma ta rame, ta zama kamar ba ita ba. Sai ga mai kamfanin littattafai ta aiko: tana son cikakken littafin akuyar, zane ashirin da huɗu, Yaya ya yi a hankali da hannun hagu, za ta jira. Umma ta shigo da takardu da tawada ta dire gaban Auta.

"Ga shi. Allah ya buɗe wa yayanki ƙofa."

Auta ta dubi takardun, ta ture su.

"Ba zan yi ba, Umma."

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan ƙara ba! Na kashe bawan Allah da ransa, ina ji ina gani. Gobe zan je in faɗi gaskiya, ko da za ku kore ni daga gidan nan."

Umma ta ɗauke ta da mari. "Saboda namiji za ki tozarta ɗan'uwanki?"

"Umma, ku ƙyale ta."

Yaya ne tsaye a bakin ƙofar ɗakinsa. Ya tako ya zauna a ƙasa gaban mahaifiyarsu.

"Kun yi don in rayu, na sani. Amma wata biyar ke nan duk wanda ya ce min 'gwani' ji nake kamar ya tofa min yawu. Na rasa yatsu uku, na kuma tsaya ina kallo aka karya mutumin da bai yi min komai ba. Tare za mu je da ita."

"In kuka fita ƙofar nan, kada wanda ya sake kira na Umma!"

Da safe suka fita. A ofishin Shugabar Yaya ya yi bayani tiryan-tiryan, Auta ta zana akuyar a gabanta cikin minti biyar. Dattijuwar ta cire gilashi ta ajiye a kan tebur. Hukuncin bai zo da sauƙi ba: aka cire sunan Yaya daga littafin baje kolin, aka hana Auta shiga kowane baje koli na zauren har shekara biyu, aka fitar da sanarwar wanke Dogo. Waɗanda suka zage shi a da suka juya kan Yaya, kaɗan ne suka je ba shi haƙuri.

Daga ofishin Shugabar suka wuce kamfanin kujerun. Suka sami Dogo ɗauke da katako a kafaɗa, ya yi baƙi, tafin hannunsa duk kanta. Yaya ya durƙusa a cikin garin katako.

"Ka yafe min, Dogo."

Dogo ya jefar da katakon ya ɗago shi. "Tashi, Yaya, ana kallonmu." Sannan ya juya ga Auta, wadda ta kasa haɗa ido da shi. "Na san za ki zo. Ban dai zaci za ki daɗe haka ba."

Umma ta yi wata shida ba ta amsa gaisuwar Auta. Dogo kuwa duk ƙarshen mako sai ya zo ya durƙusa bakin ƙofa ya gaishe ta, ta juya masa baya, ya tashi ya tafi. Ranar da ta sauko, ba wata doguwar magana ta yi ba. Ya gama gaisuwa zai miƙe ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Ka turo manyanka." Sai ta fashe da kuka. "Na zalunce ka, ɗan nan. Tsoro ne ya rufe min ido."

An yi auren ba tare da wani taro ba. Dogo bai sake samun wancan shago ba, a barandar gidansu ya kafa benci, aiki na dawowa sannu-sannu. Yaya bai ƙara zane ba har yau, haɗa kala yake yi a kamfanin ɗab'i, amma yana iya kallon mutane ido cikin ido. Bayan shekara uku littafin akuyar ya fito da sunan Auta a bangonsa.

Son ɗa ne ya sa Umma ta nemi a yi ƙarya, tausayin ɗan'uwa ne ya sa Auta ta yi ta, kuma ƙaryar ba ta warkar da kowa ba, sai ma ta ƙara wa gidan wani rauni. Wanda ya faɗi gaskiya ya jure abin da ya biyo baya, shi ne a ƙarshe duk suka jingina da shi.