Jinyar Fuskar Injiniya

Mai karatu, in gaskiyar da ke bakinka za ta iya raba ka da wanda kake so, za ka faɗe ta ko za ka haɗiye?

Tambayar da ta sha kan Nas ke nan. A asibitin fata take aiki, saura wata uku a ɗaura mata aure da Injiniya, saurayi mai fara'a wanda kurajen ƙuruciya suka bar wa ramuka a kumatu. Ita ta ba shi labarin gugar fata: likita ya kashe zafin wurin, ya goge saman fatar da wata 'yar na'ura mai juyawa, sabuwa ta tsiro. Injiniya ya je, likita ya duba shi, aka yi.

Kwana uku da aikin fuskar ta kumbura, ta yi jawur tana tsattsafo ruwa, kamar yadda aka gaya masa za ta yi. Ummarsa ce ba wanda ya gaya wa. Ta ce yarinyar da ta sa aka kankare wa ɗanta fuska tun tana waje, in ta shigo gida ai kunnuwa za ta sa a cire masa. Ta hana Nas zuwa, ta karɓi jinyar da kanta. Ta ɓoye man da likita ya bayar, ta ce ciwo sai ya bushe yake warkewa, kullum da hantsi ta kafa masa kujera a tsakar gida ya sha rana. Shi kuma bai iya musu da mahaifiyarsa ba. A waya ya ba Nas labari yana dariya.

Ita ba ta yi dariya ba. Ta san rana a kan sabuwar fata tana iya barin baƙin tabo wanda ya fi na da muni. Yayarta ta ce ta kama bakinta, ba a koya wa suruka jinya tun ba a shiga ɗaki ba. Nas ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta hau mota.

Ta tarar da shi zaune a rana ido a runtse, kamar wankin da aka shanya, Umma na inuwa tana gadinsa. Ta durƙusa ta gaishe ta, aka amsa a daƙile.

"Umma, ki yanke min duk hukuncin da kika ga dama, ko da fasa auren ne. Amma don Allah a mai da shi inuwa."

"Ke za ki koya min rainon ɗan da na haifa?"

"Wane ni, Umma. Fatar ce jaririya, kwananta biyar a duniya. Kin fi ni sanin ba a shanya jariri a rana."

Injiniya ya buɗe ido ɗaya ya ce wallahi jaririn nan ya fara gasuwa. Dariya ta taso wa Umma, ta danne ta da tsaki, ta ce ya tashi ya shige ciki, sakarai kawai. Nas kuma Umma ta ba ta wa'adin mako biyu a bi shawararta a gani.

Nas ko taɓa fuskar ba ta yi ba. Sai dai ta nuna wa Umma yadda ake wanke wurin a hankali a shafa man. Kafin mako ya zagayo Umma ta fi likitan tsanani: ta saki labule, ta saya masa hula mai faɗin baki, in ya kai yatsa zai ɓamɓare ɓawo ta buge hannun.

Kumburi ya saɓe, sabuwar fata ta rufe wurin. Ramukan ba su ɓace duka ba, amma sun lafa ƙwarai. Ranar da wa'adi ya cika Umma ta kama haɓarsa ta juya dama, ta juya hagu, sannan ta ja Nas gefe.

"'Yata, na'urar nan taku tana cin layukan goshi kuwa?"

"Sai likita ya duba ki tukuna, Umma."

Umma ta waiwayi ɗanta. "Ka ji ta ko? Ni ma ba ta ɗaga min ƙafa ba. Irinta nake so a gidan nan."

Aka sha biki a kan lokaci, uwar ango ta fi kowa rawar kai.

Haƙuri bai hana Nas magana ba, ladabi ya koya mata inda za ta ajiye ta. Kai ma in ka ga babba na shirin cutar da nasa cikin rashin sani, kada ka tsaya gunaguni a bayan ƙofa. Je ka durƙusa ka gaya masa yau ɗin nan.