Ƙofar Iya Kande

A shekara ta tara da naɗa Malam Abdulwahab mai unguwar Kanya, cikin birnin Zazzau, marka ta yi sati ba ta ɗauke ba, katangar gidan Iya Kande ta tsage. Tsohuwa ce, mijinta ya rasu, ba ta da ɗa.

Tun zamanin sarakunan dā, doka ɗaya ce a wannan yanki: gida na unguwar da ƙofarsa ke kallo ne, mutanenta ke yi masa gayyar yaɓe. Ƙofar Iya kuwa Unguwar Tsamiya take kallo. Mai unguwar can, Alhaji Nasiru, ya ce mijinta ɗan Kanya ne, ba ruwansa. Mutanen Kanya suka ce ba sa ɗiban laka don ƙofar wasu. Hakimi ya sa ranar zama bayan sallah. Katanga kuwa ba ta san sallah ba.

Malam ya zaga bayan gidan. Bangon baya da garkarsa yake jingine, inda mahaifinsa ya dasa lemo. Ya daɗe tsaye, sannan ya je ya yi sallama.

"Iya, kin yarda in fasa miki bango?"

"Malam, wanda ruwa ya fasa bai ishe ka ba?"

"Ƙofa zan buɗe miki ta wajenmu."

"Ta garkarka zan riƙa bi, kamar akuya?"

"Daga yau ba garka ba ce, lungu ne."

Da hannunsa ya sare lemon, ya ɗauki diga. Kafin azahar ƙofa ta kalli Kanya, aka toshe tsohuwar ƙofar. Ba wanda ya sake musu, kafin la'asar maza talatin na kwaɓa ƙasa.

Da labari ya kai wa hakimi, ya ce, "Mai unguwa, ka ci gida ba yaƙi?"

"Ranka ya daɗe, ƙasata na bayar aka ci shi."

Iya ta yi shekara shida a ɗakinta busasshe. Malam kuwa, mahaifina, bara muka kai shi makwanci, Allah Ya jiƙansa. Rawaninsa yana kan wani yanzu, haka mulki yake, aro ne. Amma lungun na nan, faɗinsa kamu huɗu, ta nan aka fita da gawarsa.