Zanen Gawayi a Gindin Bango

Akwai wata yarinya 'yar firamare wadda ba ta iya ganin datti ta wuce. Idan ta ga takarda a ƙasa, sai ta tsince. Idan aka gama darasi, takan goge allo tun kafin a sa ta. Saboda haka 'yan ajinsu suka laƙaba mata suna Tsaf-tsaf.

Sunan bai taɓa ɓata mata rai ba. Daɗinsa ma take ji, domin kullum Malam yakan nuna ta ya ce, "Ku yi koyi da wannan." Sannu a hankali ta saba da yabo, har ta kai idan rana ta faɗi ba a yabe ta ba, sai ta ji kamar ba ta ci abinci ba.

Wata rana Malam ya ce zai kai su ziyara gidan wani mai zane, wanda ya rasu tun kafin a haife su. An mayar da gidan ƙaramin gidan tarihi, mutane na zuwa kallo.

"Malam, wane irin zane? Na jikin mota?" in ji Dogo, wanda ke zama a bayan aji, bakinsa ba ya hutawa.

"Zanen mutane, da fenti da burushi," in ji Malam. "Kai kuma, idan ka taɓa ko da ƙusa a gidan nan, ni da kai ne."

"Haba Malam! Ai hannuna a aljihu zai yini."

Ajin ya fashe da dariya. Malam bai ja kunnen Tsaf-tsaf ba. Bai ga dalili ba.

Gidan yana cikin wani lungu, bayan shagunan teloli. Wata dattijuwa siririya ce ta buɗe musu ƙofa, da makullai a hannunta. Malam ya gaishe ta da ladabi, ya juyo ya ce wa yara, "Wannan ita ce 'yar mai zanen. A gidan nan aka haife ta, ita ke kula da shi. Ku gaishe da Inna."

Suka gaishe ta. Ta amsa ba tare da murmushi ba.

"Dokata ɗaya ce," in ji Inna. "Ku kalla da ido kawai. Inda kuka ga igiya, kada ku tsallaka."

Ta kai su ɗakin aikin mahaifinta. Ɗaki ne mai babbar taga, haske ya cika shi. Gwangwanayen fenti sun bushe a kan tebur. Burusai sun sandare a cikin wata kwalba. Daɓen ɗakin duk ɗigon fenti ne, ja da kore da shuɗi. Wata tsohuwar riga na rataye a ƙusa, ta yi dabbare-dabbare.

Tsaf-tsaf ta yamutsa fuska. A ranta ta ce, "Tsohuwar nan ba ta da mai taya ta shara."

Sauran yara kuwa hotuna suke kallo. Ga mai sayar da ruwa yana share gumi. Ga wani kafinta da ƙusa a bakinsa. Ga yara a bakin famfo. Har da wata akuya mai karyayyen ƙaho.

"Akuyar maƙwabtanmu ce," in ji Inna. "Ta fi kowa samun hotuna a gidan nan."

Dogo ya ɗaga hannu. "Inna, to ina naki hoton?"

Inna ta dube shi. Sannan ta ce, "Za mu zo wurin. Shi ne na ƙarshe."

Tsaf-tsaf ba ta ji wannan ba. Ta riga ta sulale, tana leƙa sauran ɗakuna, ko za ta sami abin da za ta gyara.

A ƙarshen baranda ta sami wani ƙaramin ɗaki. An gitta igiya a bakin ƙofarsa. A ciki akwai katifa a ƙasa, da kofi, da takalma. Kusa da katifar, can a gindin bango, sai ta hangi baƙin zane na gawayi. Layukan a karkace suke, kamar na mai koyon riƙe alli.

Ta san irin wannan. Ƙanenta yakan yi shi a gida, ita ce kuma mai wankewa. "Lallai wani yaro ne ya zo ziyara ya ɓata musu bango," ta ce a ranta. "Tsohuwar ba ta gani ba, ko kuma ba ta iya sunkuyawa."

Ta dubi igiyar. Ta tuna dokar sarai. Amma sai ta gaya wa kanta cewa an sa igiya ne saboda masu ɓarna irin su Dogo, ba saboda masu gyara ba.

Ta tsallaka. Ta ciro hankicinta, ta jiƙa shi da ruwan gorarta, ta durƙusa ta fara gogewa. Gawayin bai yi gardama ba. Nan da nan ya narke, ya bi hankicin. Ta kusa gamawa ke nan ta ji takun mutane a baranda.

"Malam! Inna!" ta kira da murna. "Ku zo ku gani! Wani yaro ya ɓata muku bango, na goge muku."

Inna ce ta fara isowa. Ta tsaya cak a bakin ƙofa. Makullan suka suɓuce daga hannunta suka faɗi.

Ta shiga a hankali. Ta durƙusa a gaban bangon, ta ɗora tafinta a kan wurin da ke jiƙe. Babu abin da ya rage sai toka-tokan tabo, da ɗan zanen kunne ɗaya a gefe.

"Me kika yi?" in ji Inna. Ba ta ɗaga murya ba. "Yarinya, me kika yi mini?"

"Datti ne, Inna. Na ga..."

"Ni ce," in ji Inna. "Fuskata ce."

Ko Dogo bai motsa ba.

Inna ta ci gaba da magana, idonta a kan bango. "Babana ya zana kowa a unguwar nan. Tun ina kamarki nake roƙonsa ya zana ni. Kullum sai ya ce, gobe, ke ai kina gida. Na girma, na yi furfurar fari, yana cewa gobe. Da ciwo ya kwantar da shi a kan katifar nan, ba ya iya tashi, ba ya iya riƙe burushi. Sai ya ce in ɗauko masa gawayi a kicin, in zauna a ƙasa. A kwance ya zana ni, hannunsa na rawa. Bai gama ba ya rasu."

Ta juyo ta dubi Dogo. "Kai da ka tambaya, ga hotona nan."

Malam ya buɗe baki zai ba da haƙuri. Inna ta ɗaga masa hannu.

"Malam, kwashe yaranka. Kada a sake kawo mini 'yan makaranta gidan nan."

A hanyar komawa babu wanda ya jera da Tsaf-tsaf. Hankicin na cikin hannunta, baƙi ƙirin, ta rasa inda za ta sa shi.

"Tsaf-tsaf ta share mutum sukutum," in ji Dogo daga baya. "Ku yi hankali, kada ta goge mu."

"Rufe mini baki," in ji Malam. Ya matso kusa da Tsaf-tsaf. Ta zaci zai yi faɗa, amma abin da ya ce kawai shi ne, "Dogo na tsare da ido. Ban san ke ya kamata in tsare ba."

Da ya doke ta da ta fi jin sauƙi.

A gida ta faɗa jikin mahaifiyarta tana kuka, ta ba ta labari. "Umma, wallahi gyara na yi nufi!"

"Na sani," in ji Umma. "To nufin naki ya dawo da zanen?"

"A'a."

"Wa kika tambaya kafin ki taɓa?"

"Babu."

"Kin ga igiyar?"

Ta gyaɗa kai.

"Saura tambaya ɗaya, kuma ba sai kin ba ni amsa ba. Don Inna kika goge, ko don a ce ke kika goge?"

Tsaf-tsaf ta san amsar, kuma amsar ba ta da daɗi.

A makaranta abin ya ƙara muni. Sauran azuzuwa sun yi ta ɗokin tasu ziyarar, sai aka gaya musu an fasa. Kowa ya san dalili. Ƙananan yara ma suna nuna ta da yatsa. Idan aka gama darasi, takan zauna ta bar allo yadda yake.

Sai ta yi wata dabara. Ta sami farar takarda da gawayi, ta yi kwanaki tana zana fuskar Inna. Ta yaga ta sake, ta yaga ta sake. Da ta ga ya yi kyau, ta roƙi Umma ta raka ta.

Inna ta buɗe ƙofa kaɗan. Umma ta gaishe ta, ta ba da haƙuri mai yawa. Tsaf-tsaf ta durƙusa ta ba da haƙuri, ta miƙa takardar da hannu biyu.

Inna ta duba. "Kin fi shi iya daidaita layi," ta ce. "Amma wannan ba hannun babana ba ne." Ta mayar mata, ta rufe ƙofa.

"Umma, ai na ba ta haƙuri!" in ji Tsaf-tsaf da suka fito lungu, hawaye na zuba. "Me kuma take so?"

"Abin da take so babu mai iya ba ta," in ji Umma. "Yafiya kuma ba a ƙwatar ta, 'yata. Har yanzu kanki kike dubawa. Kina so a ce kin gyara, ki huta. Ki yi tunani, ban da ke, su wa abin ya shafa?"

Tsaf-tsaf ta yi kwanaki tana juya maganar. Sannan ta ce wa Umma su koma. Wannan karon ba ta riƙe komai ba.

"Ke ce kuma?" in ji Inna.

"Ni ce, Inna. Ban zo don ki yafe mini ba. Abin da na ɓata ba zai gyaru ba, na gane. Na zo ne saboda sauran yara. Ba su yi miki komai ba. Don Allah ki bar su su zo su ga hotunan."

"Su zo wani ya ƙarasa mini kunnen da ya rage? Wa zai hana?"

"Ni, idan kin yarda. Zan tsaya a bakin ɗakin. Duk wanda ya zo zan gaya masa abin da na yi."

"Da bakinki? Dariya za su yi miki."

"Ai tuni suke yi, Inna."

Inna ta daɗe tana kallonta. Sannan ta buɗe ƙofar gaba ɗaya.

"Mutane sun sha gaya mini in sa gilashi a wurin," ta ce wa Umma. "Na ƙi. Ina so in riƙa zama kusa da shi babu komai a tsakaninmu. Ku shigo, rana na dukanku."

Ba a ranar ta yafe ba. Ta dai yarda a gwada. Kafinta ya zo ya rufe wurin da gilashi, da tabon da kunnen duka. Aka aika wa Malam cewa yara za su iya dawowa.

Ranar da 'yan aji ɗaya suka zo, Malam ya ba Tsaf-tsaf izini ta bi su. Ta tsaya a bakin ƙaramin ɗakin. Wata 'yar ƙarama ta leƙa ta ce, "Yaya, ina sauran fuskar?"

"Ni na goge," in ji Tsaf-tsaf. "Na zaci datti ne, ban tambayi kowa ba. Fuskar Inna ce, babanta ne ya zana, kuma ba zai sake zana wata ba."

Babu wanda ya yi dariya. Yaran suka ja da baya kaɗan, suka mayar da hannuwansu baya da kansu.

Da suka tafi, Inna ta zo ta tsaya kusa da ita. Su biyu suna kallon bangon. Can sai Inna ta ɗora hannu a kafaɗarta.

"Na yafe miki, 'yata," ta ce. "Zafin bai tafi ba, ba kuma zai tafi ba. Amma na yafe. Ki riƙa zuwa kina gaishe ni."

Tsaf-tsaf ta koma gida da gudu don ta gaya wa Umma.

Yara, ku riƙe wannan da kyau. Kyakkyawan nufi ba ya ba mutum izinin taɓa abin da ba nasa ba. Abin da ka ɗauka datti ne, wataƙila shi ne mafi tsada a wurin mai shi. Kafin ka gyara, ka tambaya, domin akwai ɓarnar da haƙuri ba ya mayarwa.