Abin da Ke Motsi a Tsakar Gidan Tsohuwa

Safiyar Laraba aka kawo wa Sufeto Jalaluddeen ƙarar sata daga wani ƙaramin ɗakin gwaje-gwaje a unguwar Bassa. A shekarun nan na rikici, da 'yan gudun hijira suka cika Douala, sata ba labari ba ce a komisariya, wato ofishin 'yan sanda. Amma da ya ji abin da aka sace, sai da ya ce a maimaita masa.

Mai ƙarar Malama Rahinatu ce, masaniyar haɗa sinadarai, haifaffiyar unguwar New Bell. Idanunta sun kaɗa jawur.

"Idan ya bushe kamar ɓarɓashin ƙaro yake," in ji ta. "Ka sa shi a ruwan sanyi, sai ya kumbura ya buɗe. Ya ji ɗumi, sai ya naɗe ya yi fari, ya matso abin da ya sha. So nake a jiƙa shi da magani a ɗaure rauni da shi. Da ciwon ya ɗau zafi, shi da kansa zai saki maganin."

"Duka aka kwashe?"

"Duka, Sufeto. Aikin shekara uku. Gobe likitoci za su zo su gani. In ba su gani ba, shi ke nan, an rufe wurin nan."

Sufeto ya duba kwaɗon kabad ɗin. Ko ƙwarzane babu. Makulli biyu ne, ɗaya a hannunta, ɗaya a hannun mataimakinta, Bashiru.

Bashiru kuwa, kai, ga ladabi kamar a wanke a sha. Yana ta sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe, na yi La'asar a nan na fita hannu rabbana. Makullina kullum a kan tebur yake kwana. A tambayi maigadi, shi ke zama a nan bayanmu."

Maigadin wani tsohon Bafulatani ne, Ɓoɓɓo, kuma ya riga ya ji inda ake karkata zancen. Sufeto ya juya gare shi.

"Baffa, kana caje kowa in zai fita?"

"Kowa, Shef. Jakar Madam ma sai na leƙa."

"Jiya Bashiru ya fita da wani abu?"

"Babu komai. Sai butarsa."

"Ka duba cikinta?"

Tsohon ya dube shi kamar ya yi saɓo. "Butar alwala, Shef? Wa ke caje butar mutum?"

"Kullum yake tafiya da ita gida?"

Ɓoɓɓo ya girgiza kai. "A'a fa. Gindin famfo take kwana. Jiya ne ya ce tana yoyo."

Sufeto ya koma ciki. "Malam Bashiru, ina butarka?"

"Na mance ta a masallacin unguwa, ranka ya daɗe."

"To, mu je mu tuno ta. Amma ta gidanku za mu bi."

Suka shiga mota, har da Rahinatu da wani kurtu. Bashiru ɗaki yake haya da wasu 'yan kasuwa uku a gidan Hajiya Tsohuwa da ke New Bell, kuma Sufeto ya san gidan sarai, a layin ya tashi. Ya kuma san halin matar. Ruwan famfo sai ya kwana biyu bai zo ba a unguwar, don haka duk ran da ya zo, Tsohuwa ba ta barin bokiti ko buta a bushe. Har ƙarƙashin gadon 'yan haya take shiga ta zaƙulo, wai ladan alwalarsu take nema. Yau kuwa Sufeto ya ga mata da jarkoki tun daga bakin titi. Wato ruwa ya zo ke nan.

"Taka motar nan!" ya ce wa direba.

Sun tarar da ƙofar gidan a cushe da mutane, ana ta salati. A tsakar gida ga wata koriyar buta a kwance, wani abu mai santsi ya tunkuɗe murfinta ya malalo kan siminti. Ɓangaren da rana ta taɓa ya yi fari yana nannaɗewa a hankali. Na inuwa kuwa sai ƙara buɗewa yake. Tsohuwa na tsaye a kansa da kwalbar kananzir, wata maƙwabciya na miƙo mata ashana.

"Inna, kada ki zuba!" in ji Sufeto.

Ta waigo. "Jalalu? Gara da ka zo. Sammu aka binne mini a gida! Dubi, wallahi numfashi yake!"

Rahinatu ba ta jira kowa ba. Ta ratsa mutane ta durƙusa, ta kare abin da jikinta. "Ku ba ni roba da ruwan randa, don Allah!"

Sufeto ya karɓe kwalbar daga hannun Tsohuwa. "Inna, butar wa ce?"

"Ta Bashiru mana. A ƙarƙashin gadonsa na same ta, ya naɗe ta da zane. Na ce wannan yaro da ƙazanta, buta a bushe? Ina cika ta, ko raka'a biyu ba a yi ba ta fara aman wannan masifa."

Bashiru ya fara ja da baya. Kurtun da ke tare da su ya dafa kafaɗarsa.

Rahinatu ta kwashe kayan tas ta zuba a roba. Ta ɗauki guda ta ɗora a tafin hannunta. Abin ya ji ɗumin jikinta, ya naɗe, ya yi fari. Ta sake shi cikin ruwan sanyi, ya warware ya buɗe.

"Bai mutu ba," ta ce. "Wanki kawai yake so. Sufeto, bai mutu ba!"

Wata mata ta rangaɗa guɗa, ita kanta ba ta san abin da ake murna a kai ba, sauran suka amsa. Tsohuwa ta riƙe haɓa. "Wato 'yar gidan Malam Husaini ce ta ƙera wannan da hannunta? Ikon Allah!"

Sufeto ya ji daɗi har cikin ransa, amma bai nuna ba. Ya juya. "Malam Bashiru, masallacin ke nan?"

Bashiru ya zube ƙasa. "Ni na ɗauka, ranka ya daɗe. Wani kamfani ya ce in kai masa jibi, za a sa sunana. Shekara uku ina wanke kwalabe, gobe ita kaɗai za a tafa wa."

"Shi ya sa ka so a ɗaure Baffa a madadinka?"



Rahinatu ta goge hannunta a gefen mayafi. Ta buɗe jaka, ta zaro takardar da za ta miƙa wa likitoci, ta kai wa Bashiru dab da fuska.

"Karanta layi na biyu."

Ya karanta. Sunansa ne, cikakke, a ƙarƙashin nata.

"Tun makon jiya na buga ta," in ji ta. "So na yi ka gani gobe a gaban mutane."

Ta ari biron Sufeto ta ja layi ɗaya a kan sunan. Kurtu ya ɗaura ankwa, mutane suka dare suka ba su hanya. Har aka sa shi a mota, Bashiru bai ɗauke idonsa daga takardar ba.